Sunan Na Tonawa Ne, Jirgin Na Sarkin Ingila

Jama'a, duk mai saye da sayar da goro ya san Tonawa, watau mutanen Asante na ƙasar Gana, masu babban birni a Kumasi. Daga dazuzzukansu goron da kakanninmu suka riƙa ɗaukowa a Gwanja bisa jakuna ya ke fitowa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, akwai wata manuwa ta Ingila wadda ta ɗauki sunan mutanen nan, ta yi yaƙin Hitila da shi tun daga farko har kusan ƙarshe. Turawa suna rubuta sunan Ashanti. Labarin jirgin nan na ke so mu duba yau, domin akwai masu cewa wai babbar daraja ce Ingila ta yi wa baƙar fata da ta rubuta sunan wata al'ummarsa a jikin jirgin yaƙinta. Ni kam ban yarda ba. Amma kada ku karɓi maganata haka kawai. Bari in zayyana muku aikin da jirgin ya yi, da abin da aka yi wa masu sunan, sa'an nan kowa ya auna da mudunsa.

Jiragen yaƙi na teku iri iri ne. Akwai manya, kowanne kamar gari guda, akwai kuma ƙanana masu gudu waɗanda yawancin aikinsu rakiya ne. Ashanti cikin ƙananan ya ke. Idan ayarin jiragen kaya ya tashi, irinsa ne ke kewaye shi, kamar yadda masu baka da masu dawaki ke tsaron ayarin fatake a dajin da a ke tsoron 'yan fashi. Shi ke farautar jiragen da ke tafiya ƙarƙashin ruwa, shi ke harbin jiragen sama, shi kuma a ke turawa ya tsamo mutane in wani jirgi ya nitse. Tsawonsa ƙafa 377, nauyinsa wajen tan 1,900, yana da manyan igwa takwas, da bututu huɗu na harba nakiyar ruwa, irin wadda ke tafiya da kanta har ta sami cikin jirgin abokin gaba. Gudunsa ya ɗara mil 40 cikin awa guda, mutanen cikinsa kuwa wajen 190. Ba shi da sulke irin na manyan, saboda haka gudunsa ne garkuwarsa. Kamfanin Denny ne ya ƙera shi a garin Dumbarton cikin ƙasar Sikotilan. An fara aikin a 1936, aka tura shi ruwa cikin Nuwamba 1937, aka miƙa shi ga sojan ruwa cikin Disamba 1938.

Ba shi kaɗai ba ne. Su goma sha shida aka ƙera wa Ingila iri ɗaya, kowanne aka sa masa sunan wata al'umma. Ku saurari waɗansu daga cikin sunayen: Zulu, Matabele, Mashona, Somali, Nubian, Sikh, Afridi, Maori. To, ku tambayi kanku, ina Ingila ta san waɗannan mutane? A fagen fama ta san galibinsu. Ta yaƙi Zulu a 1879, ta yaƙi Matabele a 1893, ta yi shekara ashirin tana fama da Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan a ƙasar Somali har 1920. Maharbi in ya kashe zaki ya kan rataye fatar a zaurensa. Ba don girmama zakin ya ke yi ba, don baƙi su san wanda ya kashe shi ne.

Na Tonawa kuwa ya fi kowanne kusa da mu, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Cikin Fabrairu 1874 Janar Wolseley ya shiga Kumasi da rundunarsa, aka kwashe kayan zinariya da ke fadar Sarki Kofi Karikari, aka tashi fadar da albarushi, aka sa wa garin wuta. Bayan haka aka ɗora wa Tonawa tarar zinariya oza 50,000. A 1896 aka sake komawa, aka kama Sarki Prempeh na Farko, aka tsare shi a Elmina, daga nan Saliyo, daga nan tsibiran Seshel can cikin tekun Indiya, bai sake ganin Kumasi ba sai 1924. A 1900 Gwamna Hodgson ya je ya ce a kawo masa kujerar zinariya, wadda Tonawa ke cewa ran al'ummarsu a cikinta ya ke, wai ya zauna a kai. Wannan ne ya ta da yaƙin da tsohuwa Yaa Asantewaa ta shugabanta. Ita ma Seshel aka kai ta, can ta rasu a 1921.

A nan akwai magana mai ɗaci, amma tilas a faɗe ta. Cikin sojan da Turawa suka ci Tonawa da su akwai Hausawa. Kyaftin Glover ya tara rundunar Hausawa a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, ya tafi da su yaƙin 1874. A 1900 ma, sojan Hausa ne suka tsare Gwamna Hodgson cikin ganuwar Kumasi, kuma cikin rundunar da Kanar Willcocks ya kai musu gudunmawa da ita akwai sojan da aka ɗebo daga Nijeriya ta Arewa. Talaka ne aka ba bindiga da albashin kwabbai ya je ya rushe gidan wanda ke sayar wa ɗan'uwansa goro. Kada wani ya ce labarin nan na waɗansu ne can.

Sai a 1935 Turawa suka yarda aka mai da sarautar Asante, Prempeh na Biyu ya zama Sarkin Tonawa duka. Shekara huɗu bayan haka, cikin Fabrairu 1939, sabuwar manuwa ta iso Takoradi, aka yi biki, aka miƙa mata kyauta daga Sarki da mutanensa: ƙararrawa ta azurfa da garkuwa ta zinariya. Ban ga laifin Sarki sosai ba. Mutumin da aka mayar masa da gadon gidansu jiya, wanda ya san inda aka kai wanda ya gada, ba zai tsaya jayayya da mai igwa takwas a bakin tekun ƙasarsa ba. Amma ku lura da hanyar da zinariyar ke bi. A 1874 an ɗauke ta da ƙarfi, a 1939 an ba da ita da murmushi, duk kuwa wuri guda ta nufa.

Yanzu ga aikin jirgin. A nan ba zan rage masa ko ƙwaya ba, gama ya yi aiki.

Aikinsa na fari mai nauyi tun kafin yaƙi ne, kuma bai yi daɗi ba. Ranar 1 ga Yuni 1939 wani sabon jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Thetis ya nitse kusa da Libaful sa'ad da a ke gwada shi, da mutum 103 a ciki. Ashanti na cikin waɗanda aka tura ceto. Ga gindin jirgin nan a fili bisa ruwa ana gani, ga mutane a ciki da rai, amma huɗu kaɗai suka fito, 99 suka mutu. Da yaƙi ya tashi cikin Satumba, sai aka sa shi sintiri a tekun arewacin Ingila, ya kuma yi yaƙin Norwe a 1940.

Cikin Oktoba 1940 wani abu ya faru wanda kowane talaka zai gane. An gama ƙera wata babbar manuwa mai suna King George V, za a fito da ita daga kogin Tyne, ana tsoron nakiyoyin da Jamus ke shukawa cikin ruwa. Sai aka sa ƙananan su shige gaba da gudu cikin dare su share mata hanya. Cikin duhu da yayyafi Ashanti da wani ɗan'uwansa mai suna Fame suka hau duwatsun gaɓa a Whitburn. Babbar ta wuce lafiya. Ashanti kuwa sai da ya yi wajen wata goma a hannun maƙera. Don ku ƙara sani, wannan babbar manuwa ɗin ce, cikin Mayu 1942, ta bi ta kan Punjabi, ɗaya daga cikin goma sha shidan nan, cikin hazo, ta raba shi biyu. Ƙaramin da ke tafiya kusa da babba, ko a teku ne, sai ya riƙa duban baya.

Shekarar 1942 ita ce shekararsa. Tsibirin Malta da ke tsakiyar Bahar Rum yana hannun Ingila, jiragen saman Jamus da Italiya sun kewaye shi, abinci da mai sun kusa ƙarewa. Cikin Agusta aka haɗa ayarin jiragen kaya goma sha huɗu, aka ba su rakiya mai yawan gaske, aka ce ko ta halin ƙaƙa su kai. Shugaban rakiyar da za ta shiga da su har ƙurya shi ne Adimiral Burrough, jirgin da ya ke ciki kuwa, ku ji sunansa, Nigeria. Da yammacin 12 ga Agusta wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya mai suna Axum ya harba nakiyoyinsa, ya sami Nigeria, ya sami wata manuwa mai suna Cairo, ya kuma sami tankar mai Ohio. Nigeria ya karkace, mutum fiye da hamsin suka mutu a cikinsa, tilas ya juya baya. Ashanti ne ya matso ya ɗauki Adimiral, daga cikinsa aka ci gaba da ba da umurni duk daren nan da washegari, ga ƙananan jiragen ruwa masu nakiya suna fitowa daga gaɓar Tunisiya cikin duhu, ga jiragen sama da rana. Cikin goma sha huɗun, biyar suka isa. Ta ƙarshe ita ce Ohio, wadda aka shigar da ita Malta ranar 15 ga wata, ƙananan manuwa biyu sun tallafe ta dama da hauni kamar majiyyacin da a ke kai wa asibiti. Man da ke cikinta ne ya hana tsibirin faɗuwa. Shi kuma Nigeria aka gyara shi a Amurka, bayan yaƙi aka sayar wa Indiya, suka sake masa suna Mysore. Da ma sunan aro ne, cire shi bai yi wuya ba.

Wata guda bayan zafin Bahar Rum, sai ga Ashanti a tekun ƙanƙara, arewa da Norwe, yana rakiyar ayarin jirage arba'in masu kai wa Rasha makamai. Goma sha uku suka halaka a hanya. A kan hanyar komowa ne abin da na ke gani ya fi kome cikin tarihinsa ya auku.

Ranar 20 ga Satumba 1942 wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbi Somali a ɗakin inji. Jirgin bai nitse ba, amma ya mutu tsaye: ba inji, ba wuta, ruwa na shiga. Hanya mai sauƙi ita ce a kwashe mutane a ƙarasa shi. Kyaftin Onslow na Ashanti ya ɗaura masa igiya ya fara ja. Jirgin da gudunsa ne garkuwarsa, ga shi yana tafiyar hawainiya cikin ruwan da maharba ke kwance. Ba ja kaɗai ba, har waya suka miƙa daga Ashanti zuwa Somali, suna ba shi lantarki don famfunansa su riƙa kwarfe ruwa. Ku tuna da sanyin wurin. Mutum in ya faɗa ruwan nan, mintoci kaɗan ne ya sandare. Cikin Janairu na shekarar nan aka nutsar da Matabele a wannan teku, mutum biyu tak suka tsira cikin fiye da ɗari biyu. Duk da haka samari suka shiga ƙaramin kwalekwale suna ɗaura waya a jikin igiya. Kwana huɗu suna ja, mil fiye da 400. Daren 24 ga wata hadari ya taso da iska mai tsanani, Somali ya karye biyu, ya nitse. Mutum 35 aka iya tsamowa, saura da yawa suka tafi.

Wani zai ce, ai ba su yi nasara ba. Haka ne. Amma duk wanda ya taɓa tafiya cikin ayari ya san darajar abokin da ba ya barin mai gurguwar dabba a daji. Wa ya yi wannan aiki? Ba Sarkin Ingila ba ne, ba manyan da suka zaɓi sunan a ofis a Landan ba ne. 'Ya'yan talakawan Ingila ne, 'ya'yan masunta da masu haƙar kwal da leburorin tasha, masu kwana cikin jiƙaƙƙun tufafi. Su na ke yaba wa, kuma ba na jin nauyin yabonsu. Yaƙin da suka yi da Hitila yaƙi ne na gaskiya, gama mutumin nan bai ɗauki baƙar fata a bakin mutum ba, da ya ci nasara da mun ga abin da ya fi wanda muka gani.

Sauran aikinsa zan bi da sauri. Cikin Nuwamba 1942 ya raka rundunar da ta sauka a Afirka ta Arewa, daga baya ya koma rakiyar ayarin Rasha. A 1944 aka kai shi Plymouth cikin wata ƙungiya tare da jiragen Kanada da na Folan. Cikin Afrilu suka nutsar da wani jirgin Jamus mai lamba T29 kusa da gaɓar Faransa, a daren nan kuma ya yi karo da abokinsa Huron na Kanada. Daren 9 ga Yuni, kwana uku bayan saukar sojan taron dangi a Nomandi, jiragen Jamus huɗu suka fito daga Brest don su faɗa wa jiragen da ke kai soja. Aka tare su. Ashanti ya harba wa ɗaya mai lamba ZH1 nakiya ta yanke masa goshi, mutanensa suka ƙarasa shi da hannunsu. Shi ma ZH1 ɗin na ƙwace ne, mutanen Holan suka ƙera shi, Jamus ta ɗauke. Kafin shekarar ta ƙare Ashanti ya gaji, aka shigar da shi gyara, bai sake fita yaƙi ba. Cikin goma sha shidan, huɗu kaɗai suka ga ƙarshen yaƙi: shi, da Eskimo, da Nubian, da Tartar.

To, me aka saka masa da shi? A 1948 aka ja shi zuwa wani lungun teku a Sikotilan aka yi ta gwada ƙarfin makamai a jikinsa. A 1949 aka kai shi Troon aka yanyanka shi, aka sayar da ƙarfen a kan sikeli. Ba na kuka a kan wannan, ƙarfe ne. Ko da ya ke mutanen Kanada sun ajiye nasu, Haida, abokin yaƙinsa na daren 9 ga Yuni, a garin Hamilton, jama'a na zuwa kallo.

Abin da na ke kuka a kai ya faru ne a wannan shekara ta 1948, a ƙasar masu sunan. Sa'ad da jirgin ke yawo da sunan Ashanti, mutanen Gwalkos dubbai, Tonawa da mutanen bakin teku da na arewa da Hausawan zango, sun sa kaki sun yi yaƙi a Habasha, sa'an nan a Bama kafaɗa da kafaɗa da sojan Nijeriya cikin runduna ta 81 da ta 82. Suka komo gida, ba aiki, kuɗin sallama bai taka kara ya karya ba, kaya kuwa sun yi tsada a kantunan Turawa har jama'a suka yi wata guda sun ƙi sayen kayansu, bisa jagorancin wani basarake mai suna Nii Kwabena Bonne. Ranar 28 ga Fabrairu tsofaffin soja suka jeru a Ankara, babban birnin ƙasar, ba makami a hannunsu, za su kai wa Gwamna takardar kuka. A mararrabar Christiansborg wani Baturen 'yan sanda mai suna Imray ya buɗe wuta. Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka faɗi matattu. Shekara tara ke nan cif daga bikin ƙararrawar azurfa. Garin ya kama da wuta, aka tsare Nkrumah da Danquah da abokansu huɗu, daga nan kuma hanya ta miƙe har mulkin kai a 1957.

Masu cewa daraja ce, ga tambayata. In da gaske Ingila ta ga girman jarumtar mutanen nan har ta sa sunansu a jirgi, me ya hana ta ga girman jaruman da kansu sa'ad da suka zo ƙofarta da takarda? Rubuta suna a jikin ƙarfe fenti kawai ya ke ci. Biyan tsohon soja hakkinsa kuɗi ya ke ci. Sun zaɓi mai araha. Ku 'yan kasuwa kun san irin mai sayen da zai cika ka da kirari, Alhaji kaza, maigida kaza, in an zo biya ya ce sai wani jiƙon.

Za a ce mini, ai Sarkin Tonawa da kansa ya yi murna, kai wane ne da za ka yi fushi a madadinsa? Amsa ita ce, murnar wanda ke ƙarƙashin wani ba ta zama shaida. A tambayi Tonawa sa'ad da bakinsu ya ke nasu. An kuwa ji amsarsu. Tun 1974, da aka cika shekara ɗari da ƙone Kumasi, Sarki Opoku Ware na Biyu ya nemi a maido kayan fadar da aka kwashe. Ba su nemi a sake sa sunansu a jirgi ba, ko da ya ke Ingila ta riga ta yi hakan: ta ƙera wani Ashanti na biyu ya fara aiki a 1961, shi ma a 1988 aka mai da shi abin gwajin harbi aka nutsar da shi. Kayansu suka nema.

Sai a 2024, zamanin Sarki Osei Tutu na Biyu, shekara 150 bayan Wolseley, manyan gidajen ajiye kayan tarihi biyu na Landan suka aiko da kaya 32 na zinariya da azurfa, aka baje su a fadar Manhyia a Kumasi, jama'a suka yi ta tururuwa. Amma ba mayarwa aka yi ba. Dokar Ingila ta hana gidajen nan rabuwa da abin da ke hannunsu, saboda haka aro aka ba Tonawa. Mutum ya kwance maka jaki a turke, jikansa ya zo ya ba jikanka aron jakin, har da takardar sa hannu. Garkuwar zinariya ta 1939 kyauta aka ba da ita, ba wanda ya yanka mata wa'adi. Kayan 1874 kuwa an yanka musu shekara uku, in an daidaita a ƙara uku, sa'an nan su koma Landan.